Yunwar Na'urar Hakimi

Wani hakimi ya ƙwallafa rai a kan shagon Tanimu mai gyaran lantarki, yana so ya ba surukinsa. Ana nan sai na'urar gano hayaƙi da ke manne a silin falonsa ta yi kwana uku tana "ƙiit, ƙiit". Ya sa aka kira Tanimu gaban fadawa.

"Ka sa ta yi shiru," in ji Hakimi, "amma kada ka taɓa ta, kada wani bafade ya taɓa maka. In ka gaza, ka tashi daga shagon nan."

Tanimu ya kasa kunne, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ana zama da yunwa a gidan nan?"

"A gidana? Duk wanda ya yi kukan yunwa a nan, da hannuna nake ciyar da shi!"

"Fadawa, kun ji?"

"Mun ji!"

Tanimu ya zaro batir daga aljihu. "To, kukan yunwa take yi. Batirinta ne ya mutu. Ga abincinta."

Hakimi ya dubi fadawa, ya dubi sama. Ya tuɓe babbar riga, ya hau tsani yana nishi, Tanimu na ƙasa yana cewa, "A baibai ka sa shi, ranka ya daɗe, juya!"

Na'ura ta yi tsit. Hakimi ya sauko sharkaf da gumi, ya ce, "Tafi, shago naka ne."

Tanimu ya rusuna. "Allah ya ja zamaninka. Ran da sarauta ta gundure ka, ina neman abokin aiki."