Kujerar da Majeed Ya Cire Daga Motar Babansa

Akwai wani matashi a unguwar Sakasaka, cikin garin Tamale, sunansa Majeed. Gyaran waya yake yi, kuma hannunsa na da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Matsalarsa ɗaya ce. Idan ya kalli abu a waya sau uku, shi ke nan ya zama malami a kai, duk wanda ya yi masa gyara kuma baƙauye ne.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan hali ita ce yayarsa Rakiyatu, mai sayar da atamfa, da ke aure a Sabonjida. Tun suna yara take bin bayansa tana gyara ɓarnarsa, har yau ba ta huta ba.

Babansu, Malam Iddrisu, malamin firamare ne. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Abin da ya bari mai daraja shi ne tsohuwar mota ruwan toka mai ƙofa huɗu. Mahaifiyarsu, Mma Adizatu, ba ta taɓa zama a gaban motar nan ba. Wurinta baya ne, daidai bayan direba, inda take iya taɓa kafaɗar Malam idan ya fara gudu. Da kujerar ta yage a wurin, ita da kanta ta ɗinke ta da koren zare, don shi ne a hannunta ranar.

Da Allah Ya kira ta aikin Hajji, ranar tafiya ta miƙa wa Majeed makulli a gaban Rakiyatu.

Ta ce, “Ka riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. In Allah Ya dawo da ni, da motar babanku za ku ɗauko ni daga filin jirgi. A wurina zan zauna.”

Majeed ya ce, “An gama, Mma.”

Tayar da mota kawai aka ce masa, jama'a. Tayarwa!

Mako uku da tafiyarta, Rakiyatu ta biyo gidan da hantsi don ta share ɗakin Mma. Tun daga bakin layi take jin ƙarar injin yankan ƙarfe. Tana shiga ta saki tsintsiya.

Mota na nan, amma an yashe cikinta tas. Babu kujerar baya, babu kafet, babu rediyo, babu na'urar sanyi. Hatta murafen ƙofofi na ciki an ɓamɓare su, ƙarfe tsirara kawai. Wani mai walda na durƙushe yana liƙa manyan bututun ƙarfe daga ƙasa zuwa rufi, sun gilma ta ko'ina, cikin motar ya koma kamar kejin kaji.

“Inna lillahi! Majeed, ɓarayi ne suka shigo?”

Ya fito daga ƙarƙashin mota yana murmushi, hannu duk baƙin mai. “Sista, kin zo a daidai. Motar tsere nake mayar da ita. Kin ga ƙarafan nan? Ko ta wuntsila sau biyar, ba abin da zai same ni.”

“Wa ya aike ka wuntsilawa?”

“Ba za ki gane ba. A tsere nauyi shi ne abokin gaba. Na auna komai da sikelin masu masara. Kilo ɗari da tara na cire. Kujerar baya kaɗai kilo ashirin da biyu ce, nauyin banza.”

Ya ja hannunta ya nuna mata kujerun gaba guda biyu da ya sayo, masu zurfi da ƙunci, waɗanda ya ce sunansu kujerar bokiti. Kowace da bel mai maɗauri biyar, har da wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ya danna wani abu, sai ga sitiyari ya cire a hannunsa. Ya ɗaga shi sama yana jiran a yaba masa.

Rakiyatu ta ce, “Tsere da wa? A Tamale? Tsakanin tumaki da masu babur? Majeed, ina kujerar Mma?”

“Na fitar da ita ƙofar gida tun makon jiya. Masu sayen tsoffin ƙarafa sun ɗauke, ina jin.”

“Kana ji! Ba ka ji abin da ta faɗa ranar tafiya ba?”

“Za ta zauna a gaba, ai ya fi girma. Ku mata komai sai kun mayar da shi abin kuka.”

Wallahi da ba don mai walda na tsaye ba, da tsintsiyar nan ta yi wani aikin daban a ranar.

Kwana huɗu Rakiyatu ta rufe shagonta tana yawo wurin masu tara tsoffin ƙarafa, daga Moshi Zongo har bayan gari. Duk inda ta je sai ta ce, kujerar mota ce ruwan toka, da ɗinkin koren zare. Wasu su yi mata dariya, wasu su nuna mata wata daban. Ta gaji ta koma wurin mai waldar ta tambaye shi, in an samu kujerar za ta koma mazauninta? Ya girgiza kai. Ya ce daidai inda ake ɗaure ta, nan ya liƙa gindin ƙarafan.

Duk lokacin da Mma ta bugo waya daga Makka sai ta tambayi mota. Rakiyatu sai ta ce lafiya lau take tashi. Ba ƙarya ta yi ba, amma bayan ta ajiye waya sai ta ji kunyar kanta.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya cire gilasan ƙofofi ya sa roba mai haske wadda ba ta sauka, sai ɗan rami da hannu ke shiga. Masallaci ma da sitiyari yake zuwa, ya jingine shi kusa da takalma.

Suna da wani maƙwabci, Ziblim, mai tuƙa keken haya da ake kira yalo-yalo. Mutum ne marar hayaniya, kuma tsohon ɗalibin Malam Iddrisu ne. Ana gobe saukar alhazai Rakiyatu ta roƙe shi ya bi su filin jirgi don ɗaukar kaya, tunda ƙarafa sun toshe motar. Majeed na jin haka ya fashe da dariya.

“Sista, kada ki kunyata mu. Ziblim, in za ka zo ka kama hanya tun yau, wataƙila ka iso tare da mu.”

Ziblim ya yi murmushi kawai ya ce, “Allah Ya kai mu goben.”

Jirgi ya sauka da azahar, rana na tsakiyar kai. Filin ya cika maƙil, dangi da fararen kaya, masu babura, masu ganga, mata na guɗa. Kowane gida ya wanke motarsa ya kawo, domin a ranar idon unguwa na kan motar da za ta shigo da alhaji gida.

Sai ga Mma, yanzu Hajiya Adizatu, cikin farin mayafi, tana dogara sanda saboda gwiwoyinta sun sha tafiya. Rakiyatu ta rungume ta tana kuka. Kukan nan rabinsa murna ne, rabinsa tsoron abin da ke tafe.

Majeed ya taka mai, mota ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka, ya faka a gabansu. Ya kunce maɗaurai biyar, ya cire sitiyari, ya fito ta kan ƙarfe kamar mai tsallake katanga. Ya durƙusa ya gaishe ta.

Hajiya ta amsa. Ta taka a hankali zuwa ƙofar baya, ta bayan direba, ta buɗe da kanta.

Ta daɗe tana kallon ciki. Ƙarfe da ramukan noti, sai wata jar tukunyar kashe gobara daidai inda take zama. Ta mayar da ƙofar ta rufe a hankali.

Majeed ya yi maza ya buɗe gaba. “Mma, nan ne wurinki yanzu. Ki ɗaga ƙafa ki tsallake ƙarfen nan, sai ki saki jiki ki faɗa ciki.”

Ƙarfen ya kai gwiwa. Tsohuwa mai sanda, da zani, a gaban surukai da maƙwabta! Don kada ta ba shi kunya ta gwada sau ɗaya. Ƙafar ta ƙi ɗaguwa, sandar ta zame, Rakiyatu ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Gefen farin mayafin ya shafi baƙin mai.

Majeed ya ce, “In maza biyu suka ɗaga ta...”

Rakiyatu ta juyo. “Rufe mana baki! Buhun masara ce? Sai ka ɗaure ta da igiyar tsakanin ƙafa kuma, ko? Haba Majeed, haba!”

Hajiya ta waiga ta hango Ziblim can gefe yana ɗaure akwatunanta.

Ta ce, “Ziblim, ɗana, akwai wuri a kekenka?”

“Akwai, Mma Hajiya.” Ya cire rigarsa ta sama ya goge kujera. Keken ƙasa-ƙasa yake, taku ɗaya ta shiga. Rakiyatu ta zauna kusa da ita.

Ai ba a wuce alhaji a hanya. Haka ayarin ya jeru a bayan yalo-yalo, ana tafiya a hankali har cikin gari. Motar tsere ita ce ta biyu a layi. Babu sanyi, gilas ba ya sauka, babu kafet da zai tare zafin inji. Duk lokacin da Rakiyatu ta waiga sai ta ga Majeed ya liƙa hanci a ɗan ramin robar nan yana neman iska, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Har wata mai kayan miya a kan keken hawa sai da ta so wuce shi.

Hajiya ba ta waiga ko sau ɗaya ba. Sun kusa Sakasaka ta ce a hankali, “Tun a jirgi nake tunanin ƙamshin kujerar nan.” Rakiyatu ta juya fuska gefe, hawaye na zuba.

Da suka isa gida an shimfiɗa tabarmi, an kawo kujerar roba don Hajiya ta zauna ta karɓi masu zuwa barka da sauka. Ziblim ya sauke kaya ya ce a ba shi minti biyu. Ya shiga gidansa, ya fito ɗauke da wani abu a ka, lulluɓe da tsohon zanin gado. Ya jingina shi da bango ya yaye.

Kujerar ce, da koren zarenta.

Rakiyatu ta dafe ƙirji. “Ziblim! Kwana huɗu ina yawon nemanta!”

“Ki yafe ni, Sista, ban san kina nema ba. A bakin kwata na gan ta, hadari ya taso. A kanta Malam ya kwantar da ni ya kai ni asibiti ranar da na karye a makaranta, Mma na riƙe da kaina. Na kasa barin ta a ruwa.”

Hajiya ta shafa ɗinkin da yatsa. Ta ture kujerar roba da sandarta, ta zauna a gefen hagu, a wurinta. Aka kawo ruwan zamzam da ƙananan kofuna. Kowa ya san kofin farko na babban ɗa namiji ne, har Majeed ya matso. Ta zuba, ta miƙa wa Ziblim.

Sannan ta dubi ɗanta. “Me ya sa ka cire ta?”

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Nauyi, Mma. Kilo ashirin da biyu ce.”

“Ashe ka auna. Shekara goma sha tara na zauna a nan ina kallon ƙeyar babanka. Wannan ma ka auna?”

Majeed ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce, “Zauna nan ƙasa kusa da ni. Duk wanda ya tambaya, kai za ka yi masa bayani.”

Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, daga Sabonjida, daga Moshi Zongo, har daga ƙauyuka. Kowa ya shigo sai ya ce, “Hajiya, wannan ba kujerar motar Malam ba ce?” Ita kuwa sai ta nuna Majeed da baki. Ya yi bayanin nan har muryarsa ta dishe.

A rana ta takwas, tun kafin rana ta yi zafi, Rakiyatu ta sake jin ƙarar injin yankan ƙarfe daga bakin layi. Ta shiga da sauri, ta tarar Majeed ne da kansa yake yanke bututun ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya zo ɗaukar kujera. Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kai.

Ta ce, “Bar ta a nan. Motar taka ce yanzu, yi tserenka. Ni na riga na iso gida.”

Darasi: Abin da aka ba ka amana ba naka ba ne, ko da makullin na aljihunka. Kafin ka kira wani abu nauyin banza, tambayi mai shi abin da yake ɗauke masa, kuma kada ka yi wa maƙwabcinka dariya don abin hawansa ƙarami ne. Ku tura wa ƙannenku masu ganin sun fi kowa sani, tun kafin su taɓa abin da walda ba ta gyarawa.