Tafin Hannu a Bakin Rijiyar Rini

A zamanin da, wani sarki ya yi doka cewa duk wanda ya fara fito da wani launin rini, launin nasa ne, da duk abin da ya tsiro daga gare shi. Kafin sanƙira mai shela ya rufe baki, Jatau, attajirin marina, ya karɓo hatimi a kan baƙi mai ƙyalli. Ya saye baban rinin ƙasar kaf, ya gargaɗi fatake cewa wanda ya sayi ƙyallen wani ba zai ƙara ganin nasa ba. Dogarai suka shiga cike rijiyoyin mutane da ƙasa. Kai, mugunta! Marina ta yi tsit.

Saura rijiya ɗaya, ta tsoho Nomau, mai yatsu huɗu a hannun dama. Tsoro ya hana shi cin abinci, don an ce gobe za a cike ta, a kore shi daga garin.

Da aka gurfanar da shi a gaban Sarki, Waziri ya dubi hannunsa, ya juya ga Jatau. “Rijiyarka ta fari, wa ya tashe ta?”

“Ranka ya daɗe, ni kaɗai. Ban ari komai wurin kowa ba.”

To, al'adar marina ce, sabuwar rijiya ba ta kamawa sai an zuba mata ruwan tsohuwa, wanda ya bayar kuma ya danna tafinsa a bakinta tun daɓe yana ɗanye. Girman kai ya mantar da Jatau wannan.

Waziri ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a je a gani.”

Aka share ƙurar bakin rijiyar Jatau ta fari a gaban Sarki. Ga tafi nan, yatsu huɗu. Nomau ya ɗora hannunsa a kai, hannun ya zauna daram.

Sarki ya ce, “Jatau, dokar da ka fake da ita ta ba Nomau rijiyoyinka duka. Nomau, me kake so?”

“Zaki, tawa ta ishe ni. A dai tone na mutane.”

Sarki ya soke dokar, ya sa aka miƙa wa Jatau fartanya. Mutanen da aka cike wa rijiyoyi suka jeru, kowa a kan kabarin rijiyarsa, suna jiran ya iso ya tone.