Antibirus na Ƙarya da Muryar Abdoulaye

Akwai wani mutum a garin Gaya mai suna Yazidu, wanda labarinsa ya zo mini ta baki biyu. Na farko shi ne wanda ake yi a tashar mota, kuma a cikinsa an ɗora laifi a kan matar da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Na biyu daga Malam Cha'ibu ne, mai rabon gado a unguwarsu. Na Malam na ɗauka, domin a gabansa aka yi, kuma da aka maimaita wa Yazidu bai musa ko kalma ɗaya ba. Cewa ya yi a rubuta shi haka nan.

Yazidu ma'aikaci ne a wani biron taransit, inda ake cike takardun kayan da ke ƙetare iyaka. Kullum yana gaban ordinatar, wato kwamfuta, don haka duk abin da ya shafi na'ura a gidansu shi ake kira. Matar yayansa, Hafsatu, "Injiniya" take ce masa, irin wasan mace da ƙanin mijinta. Shi kuwa a ransa bai ɗauki sunan a wasa ba.

Yayan nasa, Abdoulaye, direban kamyon ne, babbar mota mai ɗaukar albasa da shinkafa. Yana da wata ɗabi'a: duk inda ya yada zango sai ya ɗauki kansa a bidiyo, ya yi wa Hafsatu hira da ba'a, wani lokaci har ya rera waƙa da muryarsa mai kauri. In ya dawo sai a juye a ordinatar ɗin gida don wayar ta samu fili. Da Hafsatu ta samu ciki bayan doguwar jira, sai ya koma yi wa cikin magana.

Abdoulaye ya rasu a hatsari a hanyar Dosso, wayarsa kuma ta ƙone tare da motar. Duk abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin wannan na'ura.

Hafsatu ta shiga takaba. Ƙanin mahaifin su Yazidu, Baba Bawa, ya tara gida ya ce kada kowa ya taɓa kayan mamaci, domin akwai magajin da bai iso ba tukuna. Aka kulle komai a ɗakin soro, aka danƙa wa Yazidu makulli.

Sau ɗaya Hafsatu ta roƙa a bar ta ta ji muryar. Yazidu ya kai mata na'urar ya kunna. Ba ta iya jurewa ba. Kuka ya ci ƙarfinta, ta yi ta danna maɓallai da tafin hannu don ta yi shiru.

Sai lokacin kokawar ƙasa ya zo. Ranar karawar ƙarshe, da la'asar, Yazidu ya ga allon wayarsa ya yi masa kaɗan. Ya buɗe ɗakin soro, ya jona na'urar yayansa da rezon wayarsa, wato intanet, ya shiga wani shafi da ke alkawarin nuna wasan kai tsaye. A ransa ya ce kallo ai ba ya rage gado.

Ƴan kokawa ba su ma kama juna ba sai allon ya yi jawur, da ƙara irin ta motar asibiti. Rubutu ya fito da Faransanci mai kyau, da hoton garkuwa: na'urarka cike take da cutar birus, danna nan yanzu a ceto hotunanka. Yazidu ya tuna abin da ke ciki, ya danna.

Abin ya ce masa antibirus ɗin da ya zo da na'urar, wato mai gadinta daga birus, yana hana shi aiki, sai a kashe shi. Ya kashe. Wani zare ya cika allon a hankali, sannan aka nemi lambar katin banki kafin a ƙarasa "magani". A nan jikinsa ya ba shi. Ya cire rezo, ya kashe, ya sake kunnawa.

Allo baƙi ƙirin. Babu hoto, babu bidiyo. Ya buɗe wurin da muryar yayansa take, wayam.

Ya san mai gyara, Sama'ila, yana nan bakin kasuwa. Amma zuwa wurinsa yana nufin Baba Bawa zai ji an taɓa kayan gado, kuma garin zai ji cewa Injiniya ne aka yaudara. Sai ya goge alamar garkuwar daga allon, ya kulle ɗaki, ya yi shiru.

Da Hafsatu ta sake roƙon jin muryar, ya kawo na'urar ya kunna a gabanta, ya yi kamar yana nema.

"Yaya Hafsatu," in ji shi, idonsa a ƙasa, "ranar nan da kika yi ta danne-danne kina kuka, ina jin a nan komai ya goge."

Ba ta yi masa gardama ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Ta dubi tafin hannunta kawai, ta ce, "Ni?"

Daga ranar abinci ya fita ranta. Yayarta Zara, wadda ta zo daga Yélou don taya ta zaman takaba, takan fito da kwanon tuwo yadda ta shiga da shi. Unguwarzoma ta yi faɗa cewa mai ciki tana ramewa. A tasha kuwa har an fara cewa matar direba ta goge mijinta da hannunta. Yazidu yana jin duk wannan. Ya daina bi ta ƙofar ɗakinta, sai ya aika gaisuwa ta bakin Zara.

"Mi aka yi maka a ɗakin nan, kake zagaye kamar ɓarawon akuya?" in ji Zara wata rana.

"Aiki ne ya yi yawa, Yaya."

Da aka sa ranar da Malam Cha'ibu zai zo ya ga kayan mamaci, Baba Bawa ya ce tun da na'urar ta zama fanko, a kira mai gyara ya wanke ta kakaf a shigar da ita cikin kayan sayarwa. Yazidu da kansa ya je wurin Sama'ila ya ce formate kawai za a yi, wato a share komai, babu abin dubawa. Yana ganin in aka wanke, maganar ta mutu.

Da yake kayan gado ba ya fita gida, a tsakar gida aka shimfiɗa tabarma da hantsi. Malam Cha'ibu yana zaune kusa da Baba Bawa, Hafsatu kuma tana bayan labulen ƙofarta. Sama'ila ya sa kile ɗinsa, ɗan abin nan da ake kwafar kaya a ciki, a jikin na'urar, ya shirya komai, sannan ya ɗaga kai.

"Baba, al'adata ce in tambaya. In na danna nan, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Akwai abin da ake so?"

"An riga an goge, ɗana," in ji Baba Bawa. "Danna mu tashi, rana tana yi."

Sai murya ta fito daga bayan labule, a shaƙe.

"Malam, kafin a danna, ku zama shaida. Yazidu, ka yafe mini. Ba ni kaɗai ke da Abdoulaye ba, yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na ɓatar maka da muryarsa. Wanda ke cikina ma, in ya girma zan roƙe shi."

Yazidu ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya kama hannun Sama'ila.

"Kada ka danna. Ba ita ba ce. Ni ne."

Ya faɗi komai: makulli, kokawa, jan allo, antibirus ɗin da ya kashe da hannunsa, da ƙaryar da ya yi mata. Sai Zara ta tafa hannu.

"La'ilaha! Kokawa? Ka bar ɗiyar mutane tana bushewa da ciki saboda ƙarti biyu masu walki?"

Baba Bawa bai ɗaga murya ba. "Kai na ba makulli don na ce kai ne mai karatu," kawai ya ce.

Sama'ila ya zare kile ɗin da sauri. "Da ka gaya mini haka tun a kasuwa! Abin nan ba antibirus ba ne, shi ne cutar. Irinsa sau da yawa ɓoyewa yake yi, ba gogewa ba, don ka tsorata ka biya. Akwai kuma mai kulle kaya gaba ɗaya. Ban yi alkawari ba, amma bari mu gani."

Ya tayar da na'urar ta wata hanya da ba ta barin baƙin shirye-shirye su farka tare da ita. Ya sa wani kile mai ɗauke da abin bincike na gaskiya, wanda ya sauko da shi daga shafin masu yin sa. Aka zauna jira har inuwar darbejiya ta janye daga tabarma. Yazidu yana durƙushe, zufa tana ɗiga daga haɓarsa.

Binciken ya kamo abin, da ƴan rakiyarsa da suka shigo tare. Sama'ila ya fitar da su, ya sake bincike, sannan ya umarci na'urar ta nuna duk abin da aka ɓoye. Hotuna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ya buɗe komai, ya kwafe su a kile biyu, ya ba Zara ɗaya ta miƙa bayan labule, ɗaya ya ba Malam. Ya tayar da antibirus ɗin asali ya sabunta shi.

"Wannan ya ishi gida, in ana barinsa ya sabunta kansa," in ji shi. "In kuna son wani, ku zo mu ɗauko daga shafin masu shi, ba kwafen sata na kasuwa ba. Kuma ɗaya ake sawa, biyu faɗa suke yi. Na gaskiya ba ya faɗo maka daga shafin kallo yana ihu, kuma ba ya cewa ka kashe mai gadinka."

Sannan ya danna bidiyon ƙarshe. Abdoulaye ya bayyana a jingine da tayar kamyon, kofin shayi a hannunsa.

"Kai na ciki, kana ji na? In ka fito ka nemi baffanka Yazidu. Shi ne amintaccen gidanmu, shi zai koya maka na'ura. Tuƙi dai kada ka yarda, ko amalanke ba ya iyawa!"

Dariyarsa ta cika gidan. Yazidu ya kifa fuskarsa a tabarma.

Da aka jima, Hafsatu ta ce, "Yaya Zara, ɗumama mini tuwon nan." Sannan ta ce, "Na yafe maka kallon kokawa, Yazidu. Ɗayan kuwa, ka ba ni lokaci."

Ya ciro makullin ɗakin soro daga aljihu ya ajiye a gaban Baba Bawa. Har yau tana amsa gaisuwarsa da mutunci, amma ba ta ƙara ce masa Injiniya ba.

Waɗanda aka yi wannan a gabansu su ne: Malam Cha'ibu mai rabon gado, Baba Bawa, Sama'ila mai gyara, Zara ta Yélou, Hafsatu daga bayan labule, da Yazidu shi kansa.

Darasi: Shafin da ya yi maka ihu cewa na'urarka ta kamu, rufe shi, kada ka danna, kada ka kashe antibirus ɗinka don ya ce, abin da ba ka da madadinsa kuma ka ajiye shi wuri biyu. In kuwa an riga an yaudare ka, ka faɗi gaskiya da wuri, domin ɓarnar birus an gyara ta a hantsi ɗaya, ta ƙarya har yanzu ana jinya. Ku tura wa duk gidan da ke ajiye da muryar wani a cikin na'ura.