Kurege da Wayewar Gari Goma Sha Shida

Ga ta nan tafe, ku gyara zama. Wanda ya bar loma a kwano ya koma ya cinye tukuna.

Wata shekara dabbobin daji suka ƙera kumbo, suka ce su ma za su leƙo sama. Kumbo ba ya son nauyi, don haka aka nemi masu ƙaramin ciki. Aka naɗa Raƙumi shugaba, tun da yana kwanaki bai nemi ruwa ba. Aka ɗauki Kura, don ba ta barin ko ƙashi. Saura gurbi ɗaya, sai ga Kurege, yunwar bazara ta fito masa da haƙarƙari.

Ya ce, "Ni ɗan gidan ƙoshi ne. Ƙanshin tuwon maƙwabta ya ishe ni mako guda."

Aka ɗauke shi, aka ba shi sarautar shara.

Guzurin kwana arba'in aka auna musu, dakuwa da ɗan kilishi, babu ƙari. Doka biyu ce. Kowa dunƙule ɗaya idan gari ya waye, kuma ba a zubar da komai. Ruwan wanke hannu, har fitsari, wata na'ura ke tacewa a sake sha. Abin da ya gagari tacewa a cusa shi a ganga, sai ranar dawowa a sako ta ƙasa.

To, a can sama kumbo zagaya duniya yake da gudu, rana ta fito ta faɗi har sau goma sha shida a yini. Manya suna bin agogo, Kurege yana bin taga. Da haske ya leƙo, sai ya ɗauki dunƙule. Raƙumi ya kama shi da na tara a baki.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce idan gari ya waye. Ni na waye shi?"

Raƙumi ya kulle akwatin guzuri, ya rataya makulli a dogon wuyansa.

Da gari ya waye, na agogo, Kurege ya laɓe bayan akwatin da suke jin maganar mutanen ƙasa. Ya kifa gwangwanin madara a ka don muryarsa ta yi kauri. Ya sanar cewa kumbo ya yi nauyi, kowa ya zuba rabin rabonsa a gangar shara, a yi haƙuri a ɗaure ciki saboda al'umma. Kura ta yi gunaguni, Raƙumi ya ce umarni daga ƙasa ba a ja da shi. Suka zuba. Mai gadin ganga kuwa kun san shi.

Kwana goma ana haka. Tozon Raƙumi ya kwanta, Kura ta fara lasar bango. Kurege kumatu suka ciko, ya ce kumburin yunwa ne.

Da gari ya waye, kwaɗayi ya ƙara masa tsawo. Murya ta sanar cewa kilishi ya lalace, a zuba shi duka. Kurege ya cinye tas. Yaji ya kama shi, ya yi ta shan ruwa yana kai wa na'ura.

Da gari ya waye, Kura ta kurɓi ruwan safe, ta tsaya tana juya harshe.

Ta ce, "Shugaba, ruwan nan da citta da kanumfari. Ganga dai ba ta fitsari. A cikinmu wani ya ci kilishi."

Raƙumi ya nufi ganga zai buɗe. Nan take murya ta hana, ta ce duk wanda ya taɓa murfin zai fuskanci hukunci. Ba ta rufe baki ba yaji ya taso mata. Atishawa ɗaya, gwangwani ya tashi yana yawo a iska, ga kan Kurege a fili, maiƙo har kunne.

Ya ce, "Sannunku. Gyaran waya nake."

A gida da sai ya faɗa rami. A can babu ƙasa, ya yi ta harbin iska wuri ɗaya. Raƙumi ya mangare shi, ya bugu da bango ya dawo hannun Kura, ita ma ta mayar wa Raƙumi. Da ƙyar ya suɓuce ya faɗa ganga, ya ja murfi, ya fizge sakatar da ke riƙe da ita.

Ganga ta yo ƙasa tana cin wuta, ta faɗa jujin bayan gari. Su Raƙumi sai da suka yanke tafiyar, suka sauko rana ta ashirin, kowa kamar kara.

Kurege kuwa ya fito yana ɗingishi, gefensa biyu da zanen ƙuna wanda har yau jikokinsa ke yawo da shi. Kaji suka kewaye shi suna tambayar labari. Ya karkaɗe toka ya ce:

"Mu uku muka hau, ni na riga kowa saukowa. Waɗannan zanen kuwa lambar girma ce. Idan za a sake tafiya a neme ni, na ji an ce can gaba gari sau talatin yake wayewa."

Ta ƙare a kan wutsiyar Kurege. Ku tashi ku wanke kwanukan nan, kuma ruwan a ba shuka.