Darmar da Ke Ƙarƙashin Kujerar Tahirou

Akwai wani bakanike a birnin Greensboro mai suna Kader, mutumin Damagaram, wanda ya daɗe a Amurka har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Da rana yana gyaran motocin jama'a. Amma in kana neman inda zuciyarsa take, je ka garejin bayan gidansa a East Greensboro. Can ya ajiye wata 'yar motar tsere da suka saya shi da amininsa Tahirou a hannun wani tsohon Bature na unguwar Irving Park, wanda gwiwoyinsa suka daina ba shi haɗin kai.

Motar kujera ɗaya gare ta, ba rufi, tayoyinta huɗu a waje kamar ƙafafun fara. Direba kusan kwance yake a cikinta, tsakaninsa da kwalta bai kai taƙi ba. Kuma kada ku ɗauka irin tseren talabijin ne. Na masu sha'awa ne kawai, a wani fili da ke ƙetaren iyakar Virginia. Wanda ya ci a ba shi ɗan kofi, a tafa masa, kowa ya kama hanyar gida.

Tahirou ke tuƙi, Kader ke saiti. Tare suka tashi tun suna yara, a kwano ɗaya suka ci. Tahirou ƙato ne mai fara'a, direban motar kai kaya, mutumin da ba ya wasa da cikinsa. Kader ya sha tsokanarsa da cewa, "Rabin aikin shokazobar nan ɗaukar tumbinka ne."

Shi kuwa Kader gwani ne, kuma ya san gwani ne, to a nan matsalar take. Zai ja zare ya kewaye motar don ya ga ko tayoyin sun miƙe. Zai murɗa sifirin, ya matse shokazoba ko ya sassauta, ya kwanta a ƙasa yana leƙe kamar wanda ya yar da allura. Daga ƙarshe ya ɗora kowace taya a kan sikelinta, sikeli huɗu, don nauyi ya rabu daidai.

Wannan awon ba a yin sa sai direba na zaune a ciki da kayansa da hular kwanonsa. Dokar tseren kuma ta ce mota da direba, in an haɗa su, kada su gaza wani nauyi. In sun gaza, sai a ɗaura darma a cike gurbin. Kun ga ke nan duk Greensboro ba wanda ya san nauyin Tahirou kamar Kader.

Kakar tseren wannan shekarar ta fara ne jim kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Tahirou ya shiga motar, Kader ya dubi lambobin ya ce, "A'a! Ina sauran ka?"

Tahirou ya yi dariya. "Azumi ne, mon frère, ɗan'uwana. Bari matata Saadatou ta kama ni da dambu, za ka gani."

Kader ya ɗauko farantin darma ya ɗaura a ƙarƙashin kujera. Cikin ransa murna yake. Nauyin da ke jikin direba yana sama, amma darma a can ƙasa ake sa ta, kuma mota ta fi shan kwana lafiya in nauyinta na ƙasa. Ai kuwa a tseren farko suka zo na uku, matsayin da ba su taɓa kaiwa ba.

Aka ci gaba da tafiya, dambun Saadatou bai dawo da komai ba. Sikeli ya ƙara sauka, Kader ya ƙara faranti na biyu. Ya rage tsawon bel ɗin kujera. Da ya ga Tahirou yana lilo a ciki, sai ya yanko soso ya cusa a gefe da gefe.

"Ko ma wane irin régime na rage ƙiba kake yi, ci gaba," in ji shi. "Motar nan ba ta taɓa daɗin hannu haka ba."

Tahirou ya yi murmushi kawai. Ku dai kun san mazanmu. Mutum zai iya fita da ciwon da zai kayar da raƙumi, ka tambaye shi ya ce maka da sauƙi.

Wata Lahadi da la'asar, Kader na kwance a ƙarƙashin motar, ya ji sallama. Saadatou ce, matar Tahirou, ita kaɗai, da kular abinci a hannu. Ba ta saba zuwa garejin ba. Bayan sun gaisa ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Yaya Kader, wurinka na zo. Abokinka ba shi da lafiya."

"Subhanallahi. Ai jiya muna tare, ras yake."

"Ba ras yake ba. Loma biyu yake yi ya ture kwano. Yana riƙe ciki in ya ɗauka ba na kallo. Na yi masa appointment wurin lokotoro a asibiti har sau biyu, ya ƙi zuwa. Na yi kuka, na yi fushi, a banza. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka yi masa magana."

Kader ya goge hannunsa da tsumma. Ya san gaskiya ta faɗa, ya ma fi ta sani. Amma a daidai lokacin wani tunani ya gilma masa. Ba a barin mutum ya yi tsere sai da shaidar likita cewa lafiyarsa ƙalau. In likita ya ga wani abu, an gama. Ga shi su ne na biyu a teburin makin kakar, kofin da suka yi shekaru suna hange ya matso kusa.

"Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata," ya ce. "Zan yi masa magana, in sha Allahu."

Ta yi godiya har da hawaye, ta tafi. Shi kuwa ya ce wa kansa, tsere nawa ya rage? Bari a gama, ni da kaina zan kai shi asibiti. Haka son zuciya yake, ba ya zuwa maka da ƙaho. Bai ce maka kada ka yi alheri ba, cewa yake ka bari sai an jima.

Zafi ya wuce, ganye ya fara ja. Aka ƙara faranti na uku. Duk lokacin da Saadatou ta kira, sai Kader ya ce, "Ina lallaɓa shi, kin san halinsa." Alhali ko sau ɗaya bai buɗe baki ba.

Ana saura kwanaki tseren ƙarshe, suna garejin, Tahirou na zaune a motar a kan sikeli, sai ya kira shi da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Kader."

"Kada ka motsa, lambobin na rawa."

"Ka ɗan sassauta mini shokazobar baya mana. Ta yi tauri. Duk gargadar da na taka, har cikin cikina nake jin ta."

Da Kader ya ɗago kai a lokacin, da ya ga zufar da ke goshin abokinsa a ranar da ake sanyi. Bai ɗago ba. Idonsa na kan sikeli.

"In na sassauta, za ta riƙa lilo a kwana, mu rasa lokaci. Na yi wata guda ina neman saitin nan. Kai dai tuƙa, ka bar mini aikina. Yaushe ka zama rago?"

Tahirou ya mai da hannu kan sitiyari. Can ya ce, "Bon. Yadda ka ce." Wannan ne kusan iyakar abin da mutum irinsa zai iya faɗa don neman taimako, kuma ya faɗa wa wanda ya fi yarda da shi a duniya.

Ranar tseren Tahirou ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba. Motar ta manne wa kwalta, tana shan kwana kamar an ja ta da zare. Kader na bakin shinge yana ihu har muryarsa ta dushe. Tahirou ya shigo na ɗaya.

Ƙa'ida ce, da an gama sai a tura motocin da suka yi nasara kan babban sikeli, direba na ciki, a tabbatar ba su gaza nauyi ba. Kader ya tura da kansa, ya ƙura wa allon ido. Lambar ta tsaya. Da ƙyar suka haye.

"Mun ci! Tahirou, mun ci! Fito!"

Tahirou bai fito ba. Hannayensa na kan sitiyari, kansa ya langaɓe gefe. Kader ya cire masa hular, ya ga ƙyallen da ke rufe bakinsa ya jiƙe da jini. Da ya sa hannu ya ɗago shi, sai ya ji ƙaton nan da yake yi wa tsiyar tumbi ya taso a hannunsa ba nauyi. Ƙasusuwan bayansa ya ji ta cikin rigar.

A asibiti likita ta ce ciwon daji ne na ciki, kuma ya bazu. Saadatou ta tambaya ko akwai abin yi. Likitar ta ce za su rage masa raɗaɗi. Ta ƙara da cewa da ya zo watannin baya, da akwai abin da za a gwada, ko da yake ba ta yi alkawarin komai ba. Saadatou ba ta dubi Kader ba. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Kader ya koma garejinsa washegari, ya ɗauki sifana ya sassauta shokazobar baya. Aikin bai ɗauke shi lokacin shan kofin shayi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da tayar ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Kullum yana asibiti. Ya kai fura, ya kai zamzam, ya kira malamai a gida a yi addu'a. Duk abin da ya kamata ya yi da bakinsa a watannin baya, yanzu yana neman ya biya da ƙafafunsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wata rana da hantsi Tahirou ya buɗe ido ya gan shi. Ya yi ɗan murmushin nan nasa.

"Ina kofinmu?"

"Yana gida. Tahirou, ka yafe mini. Saadatou ta zo ta roƙe ni tun da zafi. Na sani, na yi shiru saboda..."

"Na san ta zo." Ya numfasa da ƙyar. "Tsoro nake ji, Kader. Shi ya hana ni zuwa. Kullum in na shiga motar nan kana duba sikeli, sai in ce yau zai ce mini tashi mu je. Da ka ce, da na bi ka. Da ka yi shiru, sai na ce to ƙila abin bai kai haka ba."

Kader ya sunkuyar da kai, Tahirou ya ci gaba.

"Na yafe maka, mon frère. Kwana ne ya ƙare. Ka kula mini da 'yata Oumaima."

Bai ga ƙarshen sanyin wannan shekarar ba. Jama'ar Nijar da ta Najeriya suka cika masallaci, aka yi masa sutura, aka kai shi. Kader na cikin masu ɗaukar makara, kuma shi kaɗai ya san dalilin da ya sa kayan da ba su da nauyi suka yi masa nauyi haka.

Bayan Saadatou ta fita takaba, ta zo garejin ɗaukar kayan mijinta, hular kwano da safar hannu. Ta tarar Kader ya cire kujerar motar yana kwance notunan da ke ƙasa. Ya fito da farantan darmar ɗaya bayan ɗaya, ya tara su, ya yunƙura ya ɗaga. Sai da ya yi nishi.

"Mene ne wannan?" ta tambaya.

Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi. "Duk abin da ya ragu a jikinsa, ni nake aunawa in cike da wannan."

Ta daɗe tana kallon darmar. Ta miƙa hannu ta taɓa, ta gwada ɗagawa, ta kasa. Muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma yi kuka ba.

"Ni a kwanon tuwo na gani, Yaya Kader, ina ta kokwanto ko idona ne. Kai kana da sikeli."

Ta ɗauki hular ta fita. Kader ya tsaya a tsakiyar garejin rungume da darmar, ya rasa inda zai ajiye ta. Motar tana nan har yau a rufe da tamfol, shokazobarta a sassauce, ba wanda ya sake shiga.

Darasi: In Allah Ya nuna maka alamar ciwo ko damuwa a jikin ɗan'uwanka, amana ce Ya ɗora maka, kada ka jinkirta ta don wata buƙatarka. Rai na hannun Allah, amma shirun da ka yi naka ne, kuma da-na-sani ƙeya ce. Mai cewa "da sauƙi" sau da yawa jira yake wani ya kama hannunsa ya ce tashi mu je asibiti. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, sannan kowa ya kira mutumin nan da ya lura ya rame, yau ba sai an jima ba.