Albarka, In Ji Tekusa

Akwai wata bazawara a wani ƙauye na Masar, zamanin mulkin Rumawa, ana kiranta Tekusa. Ta rasa rumfa, ta rasa gida, daga baya ta rasa rai. Ribarta ɗaya: sunanta bai zauna kusa da ƙarya ba.

Man zaitun take sayarwa, kuma an san ta da tsaurin ciniki. Karatu kuwa, haruffan sunanta kaɗai take ganewa.

Sai doka ta zo daga Rum: kowa ya yi wa gumaka hadaya, a ba shi takardar shaida. Tekusa Kirista ce, ta ƙi zuwa. Aka kai ta gaban alƙali. Magatakardansa kuwa Onofiri ne, ƙanen mijinta.

"Matar yaya, kaza ɗaya za ki yanka," in ji Onofiri.

"Albarka."

"To, a bar kaza. Turare kawai, abin da yatsu biyu suka ɗauka."

"Albarka."

Ya sassauta murya. "Bar turaren ma. Tunda ba ki iya rubutu ba, ni ne hannunki. Ga shi na rubuta, karɓi ki tafi gida."

Ta karɓa, ta jujjuya takardar har ta ga sunanta. Ta ɗora yatsa a kai.

"Wannan na san shi. Me ke biye da shi?"

"Cewa kin yi hadaya, kin ɗanɗana naman."

"Na ɗanɗana? Da daɗi?"

"Bar wasa, matar yaya. Tawada ce kawai."

"Ɗan nan, shekara talatin ina kasuwa. Duk wanda ya sauko sau uku ba a taya ba, mansa gauraye ne."

Ta mayar masa da takardar.

Alƙali ya ce, "Tsohuwa, za a ƙwace rumfa da gida, wuyanki ya biyo baya. Me kika ce?"

"Yauwa, yanzu aka fara ciniki," in ji ta. Ta ɗaure bakin zanenta. "Rumfa, gida, da wuyan. Almasihu ya biya fiye da haka a kaina. A haka na sallama."

Darasi: Ba kullum ake ƙwace bangaskiya da takobi ba. Sau da yawa rangwame ake yi wa mutum har ya sayar bai sani ba. Ka san abin da ba ka sayarwa tun kafin a taya. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.