Malam Birki da Jar Motar Likita

Akwai wani mai koyar da tuƙi da kowa ke kira Malam Birki. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don in ka shiga motarsa ba za ka yi minti biyu ba sai ka ji ya ce, "Birki, birki."

Shekara ashirin da uku yana wannan sana'a. Yana da wata ƙaramar farar mota mai allo a samanta da birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa ƙafar. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Da ita yake ciyar da gida, da ita yake biyan kuɗin makarantar tagwayensa.

Amma Malam yana da wani ciwo a zuci da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar mai zaman banza, ana tafiya da shi a hankali har masu keke suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Burinsa ko sau ɗaya ya riƙe sitiyarin motar da ke gudu da gaske.

Wata rana yana jiran ɗaliba sai ya ga tallar wata mota a waya. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kuɗin da aka sa mata bai kai rabin na irinta ba. A ƙasan hoton an rubuta, "Injin yana da matsala, a karanta kafin a kira." Malam ya ga rubutun, amma hoton ya fi shi girma.

Ya ɗauki ƙanin matarsa suka tafi gani. Ido Buɗe ake ce wa ƙanin nan. Bai taɓa mallakar ko tayar mota ba, amma ya raka mutane da yawa saye, saboda haka a ganinsa babu abin da ya rage masa bai sani ba.

A hanya ya ce, "Yaya, ka riƙe abu ɗaya. Duk mai sayar da mota maƙaryaci ne. Duk abin da ya gaya maka, ka juya shi, a nan gaskiyar take."

Mai motar likitan haƙori ne, mutum mai sanyin magana. Ya fito da farar rigarsa ya kai su bayan asibitin inda yake ajiye ta. Malam ya shafa bayanta, ya leƙa ciki, ƙanshin kujerun ya dake shi.

Likita ya ce, "Malam, kafin ka so ta, bari in gaya maka halinta. Irin wannan injin an san shi da cin kansa ta ciki. Tawa ta fara. In an tayar da ita da safe tana ƙwanƙwasa na ɗan lokaci, kuma bakanikena ya ga garin ƙarfe a baƙin mai. Tana iya yin shekara, tana iya mutuwa mako mai zuwa. Gyaran kuwa ya kusa kuɗin motar."

Malam ya dubi Ido Buɗe. Ido Buɗe ya dubi taya. Sun zo da shirin kama ƙarya, ga shi mutum ya zazzage musu aibin kayansa tun ba su tambaya ba.

Sai da suka fita ƙofa Ido Buɗe ya samu bakin magana.

"Ruwa ba ya tsami banza, Yaya. Ka taɓa ganin wanda ya kushe hajarsa? Wani ne ya taya ta da tsada bayan ya sa talla, shi ne yake so ya tsorata ka ka janye."

"To in haka ne me zai hana ya ce an saya?"

"Ai nan wayon yake."

Malam bai gane inda wayon yake ba, amma ya gyaɗa kai.

Daga nan kansa ya ɗaure. Ya je wurin wani bakanike, ya ce masa irin motar nan ramin kuɗi ce, ko kyauta aka ba shi ba ya so. Ya je wurin wani, ya ce shi ya san wadda ta shekara goma ba a taɓa buɗe injinta ba. Ya koma waya, ya tarar da masu irinta sun rabu biyu suna ta zagin juna. In ya karanta wannan ya fasa, in ya karanta wancan ya ɗauki makulli.

Har a wurin aiki abin ya bi shi. Wata ɗaliba ta kusa hawa kan dakalin wani shago yana zaune yana kallon iska, sai ita ce ta ce masa, "Malam, ba ka ce birki ba."

Matarsa, Maman Biyu, ta ga mijinta yana juya cokali a kofi har shayin ya huce. Da ta matsa masa ya kwashe komai ya gaya mata.

Ta ce, "Shi mai motar me ya ce?"

"Ya ce ba ta da lafiya."

"To me kake tambayar wasu kuma?"

"Ai matsalar ke nan. Shi ne ya faɗa."

Ta ce, "Baban Biyu, ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma in mai abu ya ce abinsa ya lalace, ban san wanda zai fi shi sani ba. Shi kuma wancan ƙanin nawa, keken da Baba ya saya masa ma a kwana uku ya karya shi."

Malam ya ce mata harkar mota sai maza. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ɗauke kofin.

Da suka koma, Likita ya ce, "Ga shawara. Ka zo gobe da sassafe kafin a tayar da ita, ka zo da bakaniken da ka yarda da shi. Ku ji ta da sanyinta, ku zuƙi man ku duba. Gani ya kori ji."

Ido Buɗe ya ja Malam gefe. "Ka ji ko? Gobe. Kafin goben ya sa an kwance wani abu don ta yi ƙara, ko kuma mu zo mu tarar wancan ya ɗauke ta. Yau ko ba yau ba."

Kuɗin da Malam ya tara ba su kai ba. Sai ya ce zai ba da su, ya haɗa da farar motarsa.

Likita ya dubi farar motar da allonta. Ya ce, "Da wannan kake cin abinci?"

"Da ita."

"To ba zan karɓa ba. Jar nan ta mai mota biyu ce, wanda in ta mutu zai shiga ɗayar ya tafi aiki."

Ku dubi maganar nan da kyau, jama'a. Babu zagi a cikinta. Amma Malam ji ya yi kamar an mare shi a gaban ɗalibansa.

Ya ce, "Wato ba ta dace da irina ba. Mu sai dai mu koya wa masu kuɗi tuƙi, mu tsaya a bakin titi mu ga wucewarsu."

"Ba haka nake nufi ba, Malam."

"Na gane abin da kake nufi."

Kwana uku a jere Malam yana zuwa ya zauna a ɗakin jiran asibitin, tsakanin masu kumburarren kunci, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa likitan nan ya raina talaka. A rana ta uku Likita ya fito fuskarsa ba walwala. Ya ɗauko takarda ya rubuta duk abin da ya faɗa game da injin, ya ce Malam ya karanta da ƙarfi. Malam ya karanta, ya sa hannu, ya miƙa makullin farar mota.

Ido Buɗe ya raɗa masa, "Ka ga yadda ransa ya ɓaci? Mun ƙwace ta daga bakin wancan."

Maman Biyu ta fito ƙofar gida ta ga jar mota. Ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta ce, "Kujera biyu. Mu huɗu ne a gidan nan." Ta koma ciki.

Lissafin Malam shi ne ɗalibai za su yi layi don su koya da jar mota. Ɗalibi na farko da ya ɗora a kai ya ɗan taɓa totur, motar ta yi tsalle ta nufi katanga. Malam ya danna ƙafarsa inda ya saba samun birki, ya tarar babu komai a wurin. Allah ne ya kiyaye. Daga ranar ya ce wa ɗalibai su ɗan ba shi lokaci, su kuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wata makarantar.

Kullum da safe in ya tayar da ita sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ta daina. Amma da zarar ta yi zafi sai ta koma lumui, har ya ce anya kunnensa ne ba ya yi masa ƙarya? Ya tambayi Ido Buɗe, ya ce, "Tarin safe ne, Yaya. Kai ma kana yi." Sai Malam ya koma kunna rediyo kafin ya murɗa makulli.

Mako biyu ta yi lafiya lau. Wannan ya ƙara rikita shi. In Likita gaskiya ya faɗa, me ya sa ba ta mutu ba? In ƙarya ya yi, ƙarar nan ta mece ce?

A rana ta goma sha tara, da rana tsaka, shi da Ido Buɗe suka fita bayan gari inda titi ya miƙe babu kowa. Malam ya yi bismilla ya taka totur har ƙasa. Kujera ta rungume shi, bishiyoyi suka zama layi ɗaya. Ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, har ya kama dariya shi kaɗai kamar yaro. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan minti ɗaya na taya shi murna.

Sai jar fitila ta kama a gabansa. Ƙwanƙwasar safe ta dawo, wannan karon kamar ana dukan tukunya da guduma. Motar ta yi wata girgiza ta mutu, suka gangara gefen titi shiru, hayaƙi yana fita ta bonet.

Ido Buɗe ya share gumi ya ce, "Wallahi mutumin nan ya cuce mu."

Malam ya juyo ya dube shi. Ido Buɗe ya buɗe ƙofa ya fita ya tsaya can nesa.

Aka kira janwe ya jawo ta zuwa gareji. Bakanike ya tsiyayi man a wani faranti ya kai shi rana, yana ta ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. Ya ce, "Inji ya buga, Malam. Wanda ya sayar maka bai gaya maka ba?"

"Ya gaya mini."

"To?"

Malam ya juya ya kama hanyar gida.

Kwana biyu bai fita ba. Babu mota, babu ɗalibai, ga tagwaye suna shirin komawa makaranta. Maman Biyu ba ta ce masa ai na gaya maka ba, kuma shirun nata ya fi masa zafi. A rana ta uku ta ajiye masa takalmansa a gabansa.

Ta ce, "Motarka ta tafi, wannan mun haƙura. Amma ka ɓata wa bawan Allah suna a wurin aikinsa. Ka je ka ba shi haƙuri, ko Allah ya dube mu."

Ya tafi a ƙafa. Ya zauna a ɗakin jiran nan, a kujerar da ya saba zama, har aka gama da mutum huɗu. Da Likita ya fito, Malam ya miƙe.

"Likita, ta mutu. Ba rigima na zo yi ba. Na zo ne in ce abin da na faɗa a kanka a ɗakin nan ƙarya ne, ka yafe mini."

Likita ya ce, "Kai lafiyarka ƙalau? Ba wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi. Zo ka ga."

Ya kai shi taga ya ɗaga labule. Ga farar mota a bayan asibiti, a inuwa, an wanke ta, allonta yana nan a sama.

"Matata ta so a cire allon da birkin nan na biyu ta riƙa kai yara makaranta. Na ce ta ba ni wata ɗaya tukuna." Ya zaro makulli daga aljihun rigarsa ya sa a hannun Malam. "Waccan ka sa a jawo mini ita, masu kayan gyara za su saya. Kuɗin da ka ƙara sun tafi tare da injin, wannan ba ni da yadda zan yi. Amma ka koma bakin aikinka."

Malam ya dubi makullin, ya dubi Likita. Kansa ya sake ɗaurewa fiye da ko yaushe.

Ya ce, "To kai mece ce ribarka a ciki?"

Likita ya yi ɗan murmushi mai kama da gajiya. "Malam, har yanzu kana neman inda na ɓoye ƙaryar?"

Ya koma ciki wurin mara lafiya na gaba.

Malam Birki ya zauna a kujera da makulli a hannu, kunya ta rufe shi, hawaye suka zubo masa ya kasa tare su. Wata tsohuwa da ke gefensa riƙe da kuncinta ta dube shi da tausayi.

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Likitan nan yana da hannu. Da ya cire maka haƙorin za ka ji sauƙi."

Darasi: Wanda ya saba zargin kowa, ranar da gaskiya ta zo masa ba zai gane ta ba. In mai abu ya faɗa maka aibin abinsa, ka saurara, kada girman kai ya sa ka ɗauki nasiha a matsayin raini, kuma kada ka saki abin da kake ci da shi don abin da kake sha'awa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana da Ido Buɗe a kusa da shi.